DA ƊAN GARI AKAN CI GARI: Tsaron wurin aiki amana ce a wuyan kowane ma'aikaci

Godiya ta tabbata ga Allah (T) wanda ya ɗora wa ɗan Adam amana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa (S), wanda tun kafin a aiko shi mutanen Makka suka san shi da Al'amin, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a yau da wuya a sami sahun Juma'a guda ɗaya wanda babu matashin da dukiyar wani ko sirrin wani ke kwana a hannunsa. Wannan yaron shago ne a Kantin Kwari, mabuɗan maigidansa suna aljihunsa. Wancan mai POS ne a bakin tasha, katunan jama'a suna bi ta hannunsa tun safe har dare. Na kusa da shi akawu ne a makaranta, na bayansa yana ɗakin kati a asibiti, wani direban Alhaji ne, wani kuma mai gadin ma'aikata. Dukkansu an ba su amana, ko sun san nauyinta ko ba su sani ba. Abin da ya sa wannan magana ta zama wajibi shi ne, salon sata ya canza, amma ɗabi'ar ma'aikata tana nan inda take. Ɓarawon da yakan zo ne da tsakar dare, ya haura katanga, ya ɓalle kwaɗo. Na yau kuwa da rana tsaka yake zuwa, da sallamarsa da daɗin bakinsa, ta waya ko ta saƙo, ya roƙi ma'aikaci ya buɗe masa ƙofa, shi kuma ya buɗe yana ganin aikinsa yake yi.

Wanda yake ganin kamar an kambama abin, to ga misalai. A watan Afrilu na shekarar 2018 babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, wanda ke da ofishi a Ingila yana dillancin manyan injunan Caterpillar, ya sami saƙon imel ɗauke da wata mahaɗa da ake latsawa. Ya latsa, shafi ya buɗe irin na Microsoft da ya saba gani kullum, ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa. Ashe shafin na bogi ne. Daga nan ɓarayin suka shiga akwatin saƙonsa, suka riƙa aika wa ma'aikatan sashen kuɗi umurni da sunansa, a biya wane, a biya wane, su kuma suna ta biya don a ganinsu oga ne ya yi magana. Cikin 'yan kwanaki kusan dala miliyan 11 ta fita. Wanda aka kama da hannu a ciki ɗan Nijeriya ne, Obinwanne Okeke, wanda a 2016 mujallar Forbes ta Afirka ta sanya shi cikin matasan 'yan kasuwa abin koyi. A 2021 wata kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 10.

A ranar 15 ga Yulin 2020 aka wayi gari shafukan Twitter na Barack Obama da Joe Biden da Bill Gates da Elon Musk suna roƙon mutane su turo kuɗi a ninka musu. Kamfani ne mai ɗaruruwan injiniyoyi da na'urori na miliyoyin daloli, amma da bincike ya yi bincike sai aka tarar wasu samari ne, jagoransu ɗan shekara 17, suka riƙa buga wa ma'aikatan kamfanin waya suna cewa su abokan aikinsu ne daga sashen kwamfuta, har wasu suka ba su hanyar shiga. Shafuka 130 suka taɓa ta wannan ƙofa.

A farkon 2024 kuwa abin ya ƙara gaba. Wani ma'aikacin kuɗi na kamfanin injiniyoyi na Arup, reshen Hong Kong, ya sami saƙo da sunan babban jami'in kuɗin kamfanin cewa a yi wani biya a asirce. Da farko zuciyarsa ba ta kwanta ba. Sai aka gayyace shi taro ta bidiyo, ya ga fuskar ogansa da ta wasu abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, hankalinsa ya kwanta, ya tura kimanin dala miliyan 25 a kashi 15. Duk waɗanda ya gani a taron babu mutum ko ɗaya, hotuna da muryoyi ne da aka ƙirƙira da kwamfuta. Sai da ya tuntuɓi hedikwatar kamfanin daga baya sannan gaskiya ta fito. Da ya yi wannan tuntuɓar tun kafin ya tura, da kira ɗaya ya wadatar.

Muhallin shahid a nan shi ne, a duk waɗannan wurare babu inda aka fasa ƙarfe. Mutum aka yaudara. Kuma waɗanda aka yaudara ba jahilai ba ne, ba kuma maciya amana ba ne, masu ilmi ne masu ƙoƙarin yin aikinsu. Saboda haka duk mai wurin aikin da yake zaton ya sayi tsaro don ya sayi kyamara da ƙofar ƙarfe da manhaja mai tsada, to ya yaudari kansa. Tsaro ɗabi'a ce da ake ginawa a zukatan ma'aikata, tun daga mai shara har zuwa manaja, har ta zame musu jiki kamar yadda alwala ta zame wa mai salla jiki. Inda babu wannan ɗabi'a, mutum ɗaya ya isa ya rusa aikin mutum ɗari.

DARASIN DUTSEN MAHARBA

Musulmi bai kamata ya jira Turawa su koya masa wannan ba, domin da jinin shahidai aka rubuta masa darasin. A watan Shawwal na shekara ta 3 bayan hijira, a Uhudu, Manzon Allah (S) ya ɗora maharba 50 a kan wani ɗan dutse ƙarƙashin jagorancin Abdullahi bn Jubair (RA), ya umurce su da kada su bar wurin ko Musulmi sun yi nasara ko an rinjaye su, har sai ya aiko musu. Tsarin yaƙin ya yi kyau, Musulmi suka fatattaki Ƙuraishawa. Da maharban suka hango ana tattara ganima sai mafi yawansu suka ce ai yaƙi ya ƙare, suka sauko, shugabansu yana tunatar da su ba su saurare shi ba. Khalid bn Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya ga ƙofa a buɗe, ya zagayo da mahayansa ta baya. Aka rasa kimanin sahabbai 70, cikinsu har da Hamza da Mus'ab bn Umair (RA), aka ji wa Manzon Allah (S) rauni a fuskarsa mai albarka.

Ɗan uwa ya lura da kyau. Waɗannan maharba ba munafukai ba ne, munafukai sun riga sun juya tun a hanya. Muminai ne na gaskiya. Abin da ya same su shi ne sun yi wa umurni fassara da ra'ayinsu, sun ga cewa haɗari ya wuce. Wannan ita ce cutar da ke cin wuraren aiki har yau. Mai gadi ya ga shekara uku ba a taɓa yin sata ba, sai ya daina rubuta sunan baƙo. Akawu ya ga kullum saƙon oga gaskiya ne, sai ya daina tantancewa. Yaron shago ya ga Alhaji wane tsohon kwastoma ne, sai ya ba da kaya a kan saƙon alat bai duba asusu ba. Shi kuwa maƙiyi aikinsa ke nan, ya zauna yana kallon dutsen yana jiran ranar da za a sauko.

UZURORI UKU

Idan aka yi wa matasa wannan magana akan ji uzuri iri uku, kuma kowanne an yi masa rigar addini ko ta al'ada, don haka ya kamata a warware su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne mai cewa ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, abin da Allah ya ƙaddara sai ya faru. Gaskiya ne babu mai tsere wa ƙaddara. Amma wanda ya fi kowa tawakkali shi ne ya umurci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Kuma a duba hijira a shekarar 622 miladiyya. Manzon Allah (S) yana da tabbacin kariyar Ubangijinsa, duk da haka Ali (RA) ya kwana a shimfiɗarsa, aka nufi kudu zuwa kogon Saur alhali Madina tana arewa, aka ɓuya kwana uku. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labarin Makka da dare, Amir bn Fuhaira yana koro tumaki su shafe sawu, Asma'u tana shirya guzuri, an kuma ɗauko gwanin hanya. Kowa da aikinsa, kuma maganar ba ta fita daga wannan ɗan da'irar ba. Wanda ya bar kalmar sirrinsa a rubuce a jikin bango ya ce ya yi tawakkali, wannan sakaci ya yi, ya laƙaba masa sunan ibada.

Na biyu shi ne mai cewa ai Musulunci ya hana mugun zato, yaya za a yi mutum ya riƙa tuhumar ɗan uwansa? Amsar tana cikin sura guda. Suratul Hujurat da ta yi hani ga yawan zato a aya ta 12, ita ce kuma a aya ta 6 ta yi umurni da a binciki labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a koma ana nadama. Malaman tafsiri da yawa sun ambata cewa ayar ta sauka ne a kan wani da aka aika karɓo zakka wurin Banu Musɗaliƙ, ya dawo da rahoton da ba haka yake ba, har aka kusa ɗaura musu yaƙi. Ke nan rahoton ma'aikaci ne ma aka ce a tantance. Daɗin daɗawa, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka yi wa umurnin a tsakaninsu. Shin Allah (T) ya umurci muminai da su zargi juna ne? A'a. Ya koya musu ne cewa ƙa'ida tana kare mai gaskiya kafin ta kama maƙaryaci. Zato hukunci ne da zuciya take yanke wa mutum ba da hujja ba. Tantancewa kuwa aiki ne da ake yi wa kowa daidai, na gida da baƙo, mai gemu da marar gemu.

Na uku shi ne ya fi wuyar magani, wato kunya da tsoron na gaba. An yi wa yaro tarbiyya cewa ba a tambayar babba, ba a mayar masa da magana. Tarbiyya ce mai kyau, amma 'yan damfara sun karance ta tsaf, kuma da ita suke cin abinci. Duk wanda ya bi diddigin labaran nan zai ga makami uku suke riƙewa. Za su zo da sunan babba, ko oga ko jami'in banki ko hukuma. Za su ce abin na gaggawa ne, yanzu-yanzu, kafin a rufe asusu. Sannan su ce sirri ne, kada a gaya wa kowa. Duk ranar da ɗan uwa ya ga waɗannan ukun sun haɗu a saƙo ɗaya, to ya ja birki. Babu rashin ladabi a ce, “Ranka ya daɗe Alhaji, a yi mini haƙuri, bari in kira ka a lambarka da na sani kafin in tura.” Maigidan kirki zai ƙara yarda da yaron da ya faɗi haka, don ya san dukiyarsa ce ake karewa. Wanda ya fusata kuwa, ko dai ba maigidan ba ne, ko kuma maigida ne da bai san ciwon kansa ba.

ABIN DA YA HAU KAN MA'AIKACI

Ɗabi'a ba ta ginuwa da wa'azin rana ɗaya, da ƙananan ayyuka na kullum take ginuwa. Na gaba a cikinsu shi ne tantancewa ta wata hanya dabam. Idan umurni ya zo ta WhatsApp, a tabbatar da shi ta kira. Idan ya zo ta kira daga baƙuwar lamba, a katse a kira tsohuwar lambar da aka sani. Idan mai kawo kaya ya aiko cewa ya canza lambar asusunsa, kada a biya sai an ji daga bakinsa ta hanyar da aka saba. Murya da fuska yanzu ba hujja ba ne, labarin Hong Kong ya isa shaida.

Kalmar sirri da lambar kati da lambar nan da banki ke turowa a waya lokacin cire kuɗi, waɗannan kamar buroshin haƙori suke, ba a aro ba a bayarwa. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi su. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, BVN ta sami matsala, a karanto masa lambar da ta shigo, ɓarawo ne, ko da ya faɗi cikakken sunan mutum da ranar haihuwarsa. Haka nan mai shago da mai POS su sani saƙon alat ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirarsa. Kuɗi shi ne abin da aka buɗe asusu aka gani ya shiga. Kwastoma ya yi haƙurin minti biyu, in ba zai iya ba ya bar kayan.

Sai lokacin salla, wanda abin takaici ya zama lokacin da wurare da yawa suke zama fayau. An kira salla, kowa ya fice, kwamfuta a buɗe, aljihun tebur a buɗe, shago an kara masa benci. Allah (T) da ya wajabta salla, shi ne a Suratun Nisa'i, aya ta 102, ya koya wa Musulmi cewa a fagen fama su kasu biyu, wasu na salla wasu na gadi riƙe da makamansu, sannan su yi musanya. Idan an yi wannan tsari a bayan Manzon Allah (S), to mene ne wahala a kulle allon kwamfuta da aljihun tebur kafin a tafi alwala, ko a bar mutum ɗaya ya tsare wuri ya yi tasa in an dawo?

Sai takardu. Sau nawa ɗan uwa ya sayi ƙosai ko tsire aka naɗe masa a takardar da ke ɗauke da sunan wani, da hotonsa, da lambar NIN ɗinsa, ko sakamakon gwajinsa na asibiti? Wannan takarda ba da ƙafarta ta fito ba, wani ma'aikaci ne ya kwashe ya sayar ko ya watsar a bola. Takardar da ta gama amfani a kekketa ta ko a ƙone. Haka filashin da aka tsinta ko wanda baƙo ya miƙo, ba a soka shi a kwamfutar ofis.

Sai baki, wanda Bahaushe ya ce shi ke yanka wuya. A wurin mai shayi da majalisar dare ake jin ranar da za a biya albashi, da ranar da Alhaji zai ɗauko kuɗi, da hanyar da motar kaya za ta bi, da ɗakin da yara ke kwana. Mai faɗin bai yi nufin sharri ba, so yake a san shi ma yana kusa da manya. Amma a wannan zamani na masu garkuwa da mutane da 'yan leƙen asirinsu, irin wannan hirar tana iya zama sanadin rai. Hoton da aka ɗauka a ofis aka ɗora a Facebook shi ma baki ne, yana nuna inda ƙofa take da inda akwatin kuɗi yake. Huzaifa bn Yaman (RA) an ba shi sirrin sunayen munafukai, Umar (RA) da kansa bai sami jerin sunayen daga bakinsa ba. Wannan shi ne ma'aikacin da ake nema.

KUSKUREN DA AKA ƁOYE YA FI WANDA AKA YI

Duk taka-tsantsan ɗin da za a yi, wata rana sai wani ya latsa abin da bai kamata ba. A nan ne ake gane wurin aikin da ya gina ɗabi'ar tsaro da wanda bai gina ba. A watan Fabrairun 2016 ɓarayi suka aika umurni 35 da sunan Babban Bankin Bangladesh zuwa asusunsa da ke New York, suna neman kwashe kusan dala biliyan ɗaya. Sun zaɓi daren Alhamis, don sun san Juma'a ranar hutu ce a ƙasar. Da safiyar Juma'ar ma'aikatan da ke bakin aiki suka tarar na'urar da ke buga bayanan shige da ficen kuɗi ba ta aiki. Suka ɗauka irin matsalar da aka saba ce. Ba su gano abin da ke faruwa ba sai washegari, kuma dala miliyan 81 ta sulale zuwa Filifin. A cikin wannan labarin dai akwai wata dala miliyan 20 da aka nufi Siri Lanka da ita, ita kuwa ta tsira, saboda a wani bankin da kuɗin za su ratsa an lura cewa an yi kuskuren harafi wajen rubuta sunan mai karɓa, aka tsaya aka yi tambaya. Wasu sun ga baƙon abu sun ce ba komai, wasu sun ga baƙon abu sun tambaya. Bambancin ke nan.

Saboda haka ɗan uwa ya riƙe wannan: duk abin da ya gani ba daidai ba, ya faɗa nan take. In shi ne ya yi kuskuren, ya fi wajaba ya faɗa. Kuɗin da aka tura bisa yaudara, in an sanar da banki da wuri akan yi dace a tare su kafin a kwashe, in aka kwana biyu ana ɓoye-ɓoye sai ihu bayan hari. Hatta dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa ma'aikatu su sanar da hukuma cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su. Yaya ma'aikata za ta sanar da abin da yaronta ya ɓoye mata?

To amma me ya sa yara suke ɓoyewa? A nan maganar ta koma kan iyayen gida. Wurin da in yaro ya ce ya yi kuskure za a zage shi a gaban jama'a, a zabtare albashinsa, ko a kira masa 'yan sanda tun ba a saurare shi ba, to an koya wa sauran cewa shiru ya fi. A duba yadda Manzon Allah (S) ya yi da Haɗib bn Abi Balta'a (RA) gab da buɗe Makka a shekara ta 8. Haɗib ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su shirin da ake yi, ya ba wata mata ta ɓoye a kitsonta. Aka aika Ali da Zubair da Miƙdad (RA) suka tare ta suka karɓo. Wato an fara toshe ɓarakar tukuna. Sannan aka kira shi aka tambaye shi dalili, ya faɗi gaskiya cewa iyalinsa ne a Makka ba su da dangin da zai kare su. Umar (RA) ya nemi izinin hukunta shi, Manzon Allah (S) ya hana, ya tuna masa cewa mutumin ya halarci Badar. Idan wanda ya yi wannan da gangan an saurare shi kafin hukunci, ina ga yaron da aka yaudara, ya kuma zo da ƙafarsa ya faɗa?

Akwai sauran haƙƙoƙi a kan maigida. Ya koyar kafin ya tuhuma, domin ba a kama mutum da ƙa'idar da ba a sanar da shi ba, kuma koyarwar a riƙa maimaita ta da misalan abin da ke faruwa a gari. Ya bi ƙa'idar da ya kafa, don ogan da ke yi wa mai gadi tsawa saboda ya tsayar da baƙonsa ya rusa ƙofar da kansa. Kada ya bar mutum ɗaya ya rubuta biya, ya amince, ya kuma tura, komai amincinsa, saboda wannan jarrabawa ce da bai kamata a jefa kowa a ciki ba. Duk wanda ya bar aiki a karɓi mabuɗai a canza kalmomin sirri a ranar, ko da lafiya aka rabu. Sannan ya biya haƙƙi. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, amma masu gadi da yaran shago nawa ne suke ganin rabin wannan, kuma a kan lokaci? Addini ya yi umurni da a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Wanda ya damƙa wa mutum mabuɗin miliyoyi ya bar shi da yunwa wata uku, ya tsaga bangonsa da hannunsa, kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wannan kuwa ba uzuri ba ne ga ma'aikaci. Matasa su sani cewa 'yan damfara suna farautar na ciki, musamman masu aiki a banki da wuraren rajistar layin waya da ɗakunan bayanai. Za su zo a matsayin abokai, su fara da kyauta, sannan su ce ba sata za a yi ba, lambobi kawai za a turo musu, ko a ara musu asusu kuɗi su kwana ɗaya. Wanda ya miƙa tsani abokin tarayya ne da wanda ya haura. Kuɗin da za a sace na marayu ne da 'yan fansho da masu ƙaramar sana'a, kuma ranar da asiri ya tonu, sunan mai asusun ne a rubuce, su manyan sun ɓace. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri a kan irin wannan, tsayuwar gobe ƙiyama kuwa ta fi kowane ɗauri tsanani. Wanda zaluncin maigida ya ishe shi ya nemi haƙƙinsa a fili ko ya ajiye aikin, amma kada ya ci amana.

Daga ƙarshe, akwai wani nauyi na musamman a kan matashin da aka sani da riƙo da addini. Sau da yawa saboda sallarsa da kamun kansa ne aka fifita shi aka ba shi mabuɗi. In ya yi sakaci aka yi ɓarna, ba sunansa kaɗai za a kira ba, cewa za a yi ga irin masu addinin nan. Annabi Yusuf (AS) da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, siffa biyu ya ambata, tsarewa da sani. Gaskiya kaɗai ba ta isa ba in babu sanin dabarun masu cuta, domin mumini, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim, ba a saransa sau biyu a rami ɗaya. Don haka ya kamata majalisun karatu na unguwanni su ware ɗan lokaci, wanda ya san harkar kwamfuta ko banki ya wayar wa sauran da kai a kan sabon salon da ya shigo gari. A kuma fara da gida, wato makarantun Islamiyya da asusun gidauniya da kwamitocin masallatai, a duba wa ke riƙe da mabuɗi, wa ya san kalmar sirri, mutum nawa ke sa hannu kafin kuɗi su fita. Gobe Asabar da yawa za su koma bakin aiki, kowa da ɗan dutsen da aka ɗora shi a kai. Kada ya sauko don ya ga kamar lafiya lau ce.

Allah ya tsare matasan Musulmi daga cin amana da sakaci da ita, ya kare dukiyoyin bayinsa da mutuncinsu daga sharrin azzalumai na fili da na ɓoye.